Ranar da Dakta Sikeli Ya Saɓa Dami

A duk tarihin unguwarmu ta manoman rake, can bayan garin Labasa, mutum ɗaya ne tak aka taɓa fitarwa daga gona a kafaɗa, ƙafafu na reto a gaba, kai na reto a baya. Abin da ya sa ba a manta ba, mutumin shi ne ya fi kowa a tsibirin nan sanin yadda ake gina jiki. Sunansa Bisun Dayal. Wanda ya saɓo shi kuwa tsoho Munsami ne, mai shekara sittin da takwas, siriri kamar karan da yake yanka, wanda ko ƙwai bai taɓa shiga bakinsa ba tun da aka haife shi.

Na fara da wannan ne don kada mahassada su riga ni. Su daga nan suke farawa, a nan kuma suke tsayawa. Ba sa faɗin irin ilimin da aka saɓo a kafaɗar nan.

Bisun ya bar mu da dogon wuya siriri, ya yi shekara goma sha ɗaya a birnin Brisbane can ƙetaren teku, ya dawo babu wuyan sam, kai ne kawai aka ɗora a kan kafaɗu. Rigunansa duk ba su da hannu, ba don ƙarancin yadi ba, sai don kada a tauye wa jama'a haƙƙinsu na kallon damtse. In ka tambaye shi hanyar kanti, sai ya lanƙwasa hannu tukuna sannan ya nuna maka. In ka tambaye shi aikinsa a can, yakan ce yana ɓangaren lafiya, ya yi shiru, ya bar ka ka ƙarasa da kanka. Da yawa sun ƙarasa da likita. Wani da ya taɓa ziyartarsa ya ce tawul yake miƙa wa mutane a ƙofar gidan motsa jiki, amma wannan mutumin an san shi da ganin abu rabi-rabi. Takardar shaida dai akwai ta, an lulluɓe ta da leda mai ƙyalli, kuma ta tabbatar da cewa Bisun ya yi karatun ilimin abinci na Asabar biyu cur, har da Lahadin da ke tsakaninsu.

Sai kuma sikelin. Ɗan ƙarami ne, bai fi tafin hannu biyu ba, lambobinsa na haske, yana da jakarsa ta kansa. Bisun ba ya cin abin da bai auna ba. Ranar da ya iso, Kalawati, matar wansa marigayi, ta zuba masa abinci tana share hawaye da gefen mayafi, shi kuwa ya ɗaga roti ɗaya, wato gurasarmu, ya ɗora a sikeli, ya girgiza kai kamar an kawo masa labarin rasuwa na biyu. Kafin rana ta faɗi ya zama Dakta Sikeli. Ya ji sunan, ya karɓi rabin farko, ya bar wa mutane na biyun.

Ya dawo ne a daidai lokacin da Kalawati ba ta da sararin dariya. A wajenmu mai gona ba ya yanka rakensa shi kaɗai. Ƙungiya ce ta mutum goma sha biyu, ƙarƙashin sarda, wato shugaban masu yanka, take bin gonaki ɗaya bayan ɗaya bisa ƙuri'ar da aka jefa tun farkon kaka. Kowace gona da kwanakinta. Kwanakinka na cika, ƙungiya ta kwashi addunanta ta yi gaba, ko da kai ne surukin sarda. A shekarar ƙuri'ar Kalawati ta faɗo kusa da ƙarshe: kwana huɗu, Laraba zuwa Asabar, kuma injin sukari ya riga ya sanar da ranar rufewa. Duk abin da ya rage a tsaye ranar Asabar da yamma zai shekara a gona, ruwan sama ya kwantar da shi, ɓeraye su yi biki a ciki. Gonar nan ita ce duk abin da mijinta ya bar mata, kuma wannan ne karo na farko da za a yanke ta babu shi.

Kwanakin huɗu kuma suka faɗa cikin Nauratri, kwana taran nan na ibada da ba a ɗora nama ko kifi ko ƙwai a murhun kowane gida namu. Wannan bai taɓa zama matsala ba. Mai gona ke ciyar da ƙungiya, kuma kowa ya san abin da ake kaiwa: dal, wato miyar fasasshen wake, da shinkafa tuli, da roti, da kabewa, da ganyen zogale, da kindirmo. A kan haka kakanninmu suka yanke raken tsibirin nan. Ba su san suna cikin haɗari ba, don ba wanda ya zo daga Brisbane ya gaya musu.

Ranar Talata da la'asar Sarda Gajraj ya zo da mutanensa gidan Kalawati don a tsara aiki. Aka shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, aka dama yangona, ruwan saiwar nan mai kalar laka da mazanmu ke sha a ɓawon kwakwa, aka nemi namijin gida ya zauna da su. Namijin gida yanzu Bisun ne. Sarda bai gama faɗin yawan motocin da ake buƙata ba, Dakta ya miƙe tsaye, domin ilimi irin nasa ba ya fitowa daga zaune.

"'Yan'uwana," in ji shi, "jikin mutum gini ne, furotin kuma shi ne bulo. Mai aikin ƙarfi irinku yana buƙatar giram ɗari da hamsin kowace rana. Yanzu an hana ku nama kwana tara. Da me za ku yi ginin? Da shinkafa? Shinkafa iska ce mai nauyi."

Ya aika aka ɗebo ludayin dal daga kicin, ya juye a kofi, ya auna, ya buga lissafi a wayarsa. Ya ce abin da ke ciki bai wuce giram tara ba. Ya dubi Sarda daga sama har ƙasa, ya tambayi shekarunsa da nauyinsa, ya sake bugawa.

"A lissafina, Sarda, kai tun shekarar babbar guguwa ya kamata a ce ka rasu."

Sarda ya ba da haƙuri, ya ce wallahi ba wanda ya sanar da shi. Aka yi dariya, amma ba kowa ba. Semesa, ƙaton da ke zuwa daga ƙauyen hayin kogi, wanda kwana taran ba su hau kansa ba amma yake cin abin da mai gida ya dafa, ya matsa damtsensa a ɓoye, ya gaya wa na kusa da shi cewa lalle ya ji ya fi laushi a kan na bara. Wani ya tuna gwiwarsa na ƙara da safe. Wani ya ce shi ma kwanan nan yana yawan hamma. Tsoho Munsami, wanda kunnensa ɗaya ya yi ritaya, ya tambaya ko furotin ɗin nan cuta ce ko magani. Kafin a zagaya da ɓawon kwakwa na uku, mutum goma sha biyu da suka shigo da ƙafafunsu lafiya lau sun fara zama a hankali.

Ita Kalawati ta yi alwashin hidima a kicin ɗin haikali duk safiyar kwana taran, saboda mijinta. Shirinta shi ne ta tashi da asuba ta dafa, ta bar tukwane, Bisun ya tura su gona a baro. Aikin da ta tanadar masa ke nan, kuma ta auna shi daidai ba tare da sikeli ba. Amma Dakta ya juya gare ta a gaban maza, ya dafa ƙirji, ya ce ta je ta yi ibadarta da kwanciyar hankali, abincin ƙungiya ya dawo hannun ƙwararru.

Tsakanin bauji, wato matar wa, da dewar, wato ƙanin miji, akwai wasa, don haka ta samu ta ce, "Dewar, a gidan nan ko ruwan zafi ba ka taɓa dafawa ba."

"Bauji," ya ce cikin tausayi, "dafawa daban, sani daban."

Iyakar abin da wasa ya ba ta dama ke nan. Baƙo ne, jinin mijinta ne, kuma ya yi magana a gaban sarda. In ta ƙi, gida ne ya ji kunya. Ta kwance makullin ɗakin ajiya daga bakin mayafi ta miƙa masa, ya jefa shi cikin jakar sikeli ya ja zif.

Laraba da ƙarfe shida addunan suka fara magana. Da ƙarfe tara, lokacin karin kumallo, sai ga Dakta tafe da baro, a ciki kuma ba tukunya, ba tulin roti a naɗe cikin tsumma. Kwanon yangona ne, da safiyar Allah. A gefensa wata robar gari mai girman ganga, a jikinta hoton wani mutum da ya yi kama da wanda ya haɗiye kwakwa shida bai tauna ba.

A nan ne dole a yaba wa Bisun, domin shekara goma sha ɗaya ba su sa ya manta mutanensa ba. Ya san in ya zuba garin nan a kofi ba mai sha. Ya kuma san ba namijin da zai mayar da ɓawon kwakwa in an miƙa masa daga kwanon yangona. Ana miƙo maka, ka tafa, ka karɓa, ka shanye a tashi ɗaya, ka sake tafawa. Ba a kurɓa, ba a shinshina, ba a tambayar me ke ciki. Kalar ma ɗaya ce, don haka a kwanon ya dama garinsa. Ya fara da Sarda, kamar yadda ladabi ya tanada. Sarda ya tafa, ya ɗaga kai, ya shanye, ya daɗe bai sauke kan ba. Tafi na biyu da ya yi, kamar na mai kashe sauro a hankali. Haka aka bi layi. Semesa ya ce abin ya tuna masa da allon makarantarsu, in an goga masa ayaba.

Abincin rana ya zo a ƙananan ledoji, kowace da sunan mai ita da nauyinta. Waken suya dafaffe, ba gishiri, ba mai. Yankan awara ɗaya, fari fat kamar sabulun wanki. Gyaɗa ƙwaya goma sha huɗu. Sarda ya ɗaga ledar ya leƙa ƙarƙashinta ko shinkafar tana can. Dakta ya bayyana cewa shinkafa da roti sun tafi hutu, domin su ne suke cika wurin da bulo zai zauna.

Ba a yi awa ɗaya ba cikin mutane ya fara tattaunawa da babbar murya. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa ajiye adda suna shigewa cikin raken da ba a yanka ba, su fito suna kallon ƙasa. Wanda bai shiga rake ba kuwa hannunsa ya yi sanyi, sara ɗaya sai ya tsaya ya yi tunanin duniya. Gonar da ke son mota huɗu a rana ta cika biyu. Dakta bai damu ba. Ya ce alama ce mai kyau, domin ba a ɗora sabon gini sai an rushe tsohon.

Ba wanda ya kai wa Kalawati ƙara. Mace ce mai takaba a zuci, tana cikin alwashi, ba a zuwa mata da maganar ciki. Ban da haka ma, rabinsu sun yarda. Mutum ya ƙetare teku, ya dawo da takarda mai ƙyalli, ga damtse a fili kowa na gani. In sun ji rauni, ai dama an gaya musu suna da shi.

Ranar Alhamis da hantsi, bayan an tafa an shanye, Sarda ya zaro tabaraunsa mai ƙafa ɗaya, ya jawo robar garin, ya bi ƙananan rubutun bayanta da yatsa. Ya karanta sau biyu. Sannan ya sanar da ƙungiya cewa a nan an rubuta da fasasshen wake aka yi garin, irin wanda ke cikin buhu a ɗakin ajiyar Kalawati, irin wanda uwar kowa ke dafawa.

Da ƙaramin mutum ne, da ya ruɗe. Dakta murmushi ya yi.

"Sarda, wake da wake akwai bambanci. Wannan ya bi ta injuna bakwai, an tace shi, an wayar masa da kai. Na Bauji daga buhu sai tukunya. Ni da kai ma ai unguwa ɗaya muka fito."

Sarda ya naɗe tabaraunsa, ya ce wannan gaskiya ne. Ranar ma mota biyu aka cika, ta biyun da ƙyar.

Da yamma Kalawati ta biyo ta gona a hanyarta ta dawowa. Ta tsaya a bakin kunya ta duba. Rabin kwanakinta sun tafi, rake kuwa kashi uku cikin huɗu na nan tsaye yana kaɗa ganye. Sarda ya zo kusa da ita yana murza hula a hannu. Ya ce ya yi shekara ashirin yana yanka tare da mijinta, kuma ta san da ikonsa ne da ya ƙara mata kwana. Amma mai gona ta gaba shi ma injin zai rufe masa. Asabar da yamma za su wuce. Ta tambaye shi me mutane suka ci. Ya gaya mata. Ta sa ya maimaita adadin gyaɗar.

A gida ta nemi makulli. Dakta ya bayyana mata cewa rana ta uku ita ce ranar da jiki ke juyawa, wanda ya tsaya a rana ta biyu ya yi asarar duka. Ya zana mata abin a bayan kalanda. Jakar sikeli kuwa tana rataye a wuyan da ba shi da shi. Tana iya ɗaga murya, gidaje huɗu su ji cewa ta ci mutuncin ƙanin mijinta a kwanakin ibada. Tana iya fasa ƙofar da taɓarya, su ji wannan ma. Ta dube shi, ta ga hancin mijinta da goshin mijinta a fuskar da ba ta da hankalin mijinta, ta ce Allah ya ƙara ilimi, ta ɗauki mayafi ta fita.

Wurin malamin haikali ta je. Ta tambaye shi ko ciyar da mayunwata a bakin hanya zai iya tsayawa a madadin hidimar kicin. Ya ce wa ya fi mayunwaci cancanta. Ta ce to tana da goma sha biyu. Matan kicin ba su bari ta gama bayani ba. Wannan ta kawo wake, waccan shinkafa, wata gari, wata ta tsinko zogale, aka ara mata babbar tukunyar haikali, wadda mutum biyu ke ɗauka.

Juma'a da safe ta kafa duwatsu uku a bakin hanya, wajen shingen gonarta, ba a ciki ba. Ta zaɓi gefen gabas, inda iskar teku ke shigowa ta ratsa gonar daga farko har ƙarshe. Dal ya nuna, shinkafa ta tsotse, roti na tashi a kan tanda. Ta jira sai da ta hango baro ya tsaya a tsakiyar gona, Dakta ya miƙe zai fara jawabin safe. Sannan ta ɗora babban ludayin ƙarfe a wuta, ta narka man shanu, ta watsa ƙwayoyin ƙamshi da busasshen barkono da ganyen kori, ta bari suka fara tsalle, ta tsoma ludayin gaba ɗaya cikin dal. Ya yi cuuu. Sauran aikin iska ta yi.

Dakta yana tsakiyar bayani kan yadda tsoka ke girma a lokacin hutu, sai ya ga hancin mutum goma sha biyu sun juya gabas. Semesa ne ya fara duba bakin addarsa, ya ce ta dakushe, kuma ya tuna akwai dutsen wasa mai kyau can wajen shinge. Ya tafi. Na biyu ya taɓa tasa, ya ce abin mamaki, ita ma. Cikin minti biyar duk addunan ƙungiya suka dakushe, har da ta Sarda da aka wasa da asuba. Dakta ya rage shi kaɗai da kwano cike da ɓawon kwakwa a hannu, ba mai tafawa.

Ya same su zaune a layi a bakin hanya, kowa da ganyen ayaba a gabansa, shinkafa tuli, dal na gangarowa ta gefe, ba mai magana. Ya tsaya a kansu ya ce wannan zagon ƙasa ne ga shirin kimiyya, kuma an ba shi amanar abincin ƙungiya a gaban shaidu.

"Ai yana hannunka, Dewar," Kalawati ta ce, tana juya roti. "Ni ba ƙungiya nake ciyarwa ba. Sadaka nake yi a bakin hanya, duk wanda ya wuce. Su kuma suka wuce."

Tsoho Munsami ya ga ran yaron ya ɓaci, sai ya so ya lallashe shi. Ya ce masa shi bai san giram ba, abin da uwarsa ta koya masa kawai shi ne dal shi kaɗai ba ya kai mutum azahar, shinkafa ita kaɗai ma haka, amma in aka haɗa su, aka bi da kindirmo, aka ci har ciki ya ce ya isa, sai a wuni ana sara. Dakta ya gyara tsayuwa. Sannan ya ce wannan yana shafi na arba'in a littafinsu, haɗa hatsi da wake, babban darasi ne na Asabar ta biyu, kuma bai kai ga koya musu ba tukuna. Ya tambayi tsohon ko uwarsa ta taɓa zuwa Brisbane.

Ranar an cika mota biyar. Dakta bai ci sadakar ba. Ya koma tsakiyar gona ya shanye rabon mutum goma sha biyu a hankali, don kada ilimi ya zube a ƙasa, ya kuma san hanyar cikin rake fiye da kowa kafin yamma.

Saura Asabar, saura mota bakwai. Ko da cikakken ciki, hannu ashirin da huɗu ba za su yanka su kuma loda bakwai ba. Sarda ya faɗa wa Kalawati haka tun da sassafe, ya ce za su yi iya yinsu, amma ta sa a ranta kusurwar kudu za ta iya kwana. A nan ne Dakta ya fito, da safar hannu, da faffaɗan bel na fata, da ƙyalle a goshi. Ya sanar cewa yau za a ga bambanci tsakanin jikin da aka gina da lissafi da jikin da aka gina da ludayi. Masu lodi uku su koma yanka, shi kaɗai zai yi aikinsu. Sarda ya dubi kusurwar kudu, ya tura masu lodin ukun yanka.

Minti ashirin ya yi yana miƙe jijiyoyi. Sannan ya zaɓi damin da ya fi kowanne girma, ya saɓa, ya hau katakon da ke kaiwa bayan mota, ya jefa, ya tsaya a sama ya ba jama'a damar kallo. Gaskiya dami na farko ya yi kyau. Na biyu ma. Sai dai a inda ya koyi ɗaukar nauyi, ana ɗagawa sau goma ne a ajiye, a sha ruwa, a kalli madubi, iska mai sanyi na busowa daga bango. A gonar Kalawati babu madubi, dami kuma ba ya ƙarewa, rana ta ƙarfe goma sha ɗaya tana tsaye a kan kowa daidai. A cikinsa kuwa, kwana uku ke nan, ba komai sai wake mai wayewa.

A dami na bakwai, a tsakiyar katako, gwiwoyinsa suka yi shawara a tsakaninsu ba tare da sun tuntuɓe shi ba. Bai faɗi da ƙarfi ba. Ya zauna, ya sulale, ya kwanta a kan busasshen ganye, damin ya biyo shi ya kwanta a kansa.

Tsoho Munsami ne ya fi kusa. Ya ɗaga damin tukuna ya hau da shi ya jefa a mota, domin mota na jira. Sannan ya sauko ya saɓi Dakta, shi ma a kafaɗar dai, ya ratsa gonar da shi har bakin hanya, ya sauke a inuwa kusa da tukunya. Ya gaya wa Kalawati wannan damin ba ya shiga injin, ya koma bakin aikinsa.

Kalawati ba ta yi dariya ba, kuma wannan na cikin abin da za a rubuta mata. Ta kwance masa bel, ta yi masa fifita da ganyen ayaba, ta ba shi ruwan rake da ɗan gishiri. Da ya buɗe ido ta tura masa kwano, dal da shinkafa da zogale, man shanu na yawo a sama. Jakar sikeli na nan a ƙirjinsa. Bai taɓa zif ɗin ba. Ya cinye, ta ƙara. Ya cinye, ta ƙara. Bayan na uku ya zauna yana kallon kusurwar kudu, inda wansa ya saba fara shuka. Sannan ya cire safar hannu, ya tashi, ya koma gona. Munsami ya nuna masa inda ake ɗora dami a kafaɗa da yadda ake barin katako ya yi rabin aikin. Bai yi aikin mutum uku ba. Ya yi na mutum ɗaya, bakinsa a rufe, har yamma, kuma mutum ɗayan nan ake nema. Mota ta bakwai ta fita rana na taɓa kan duwatsu, ba kara ɗaya a tsaye.

Bakin bai daɗe a rufe ba. Kafin a gama wanke hannu a gindin mangwaro, Dakta ya bayyana cewa ƙarfin da ƙungiya ta nuna Juma'a da Asabar aikin garin Laraba ne, domin furotin yakan ɗauki kwana biyu kafin ya isa damtse. Aka yarda masa, don gona ta kwanta kuma kowa na cikin alheri. Sarda dai ya tambaye shi yaya ya ga unguwar daga saman kafaɗar Munsami. Dakta ya ce shi ya ba da kansa a ɗauka, don ya gwada ƙarfin mai cin dal, tunda sikelinsa ba ya ɗaukar mutum.

Kalawati na tsaye da ludayi a kan ragowar tukunya. "To kwano ukun fa, Dewar? Ban ga an auna ko ɗaya ba."

"Bauji, ba ci na yi ba, bincike ne. A Brisbane ba a yarda da sakamakon da ba a maimaita sau uku ba." Ya miƙa mata kwanonsa. "Kuma har yanzu ina da ɗan shakku."